Hoto ya ce babu karaya, amma wuyan hannuna ya ƙi warkewa

Tambaya: “Assalamu alaikum Likita. Ni tela ne a nan Jos, shekarata 27. Mako biyar ke nan da na faɗi a wajen ƙwallo, na dafa ƙasa da hannun dama. Washegari na je aka yi min hoto, aka ce babu karaya, targaɗe ne, aka ba ni maganin ciwo da man shafawa. Da na ga bai daina ba, kawuna ya kai ni wurin mai ɗori, ya ce gocewa ce, ya ja hannun ya ɗaure shi da kara har kwana goma. Yanzu kumburin ya sauka, amma in na riƙe almakashi, ko na dafa ƙasa zan tashi daga sujada, sai in ji zafi a gindin babban yatsa. Wasu sun ce sanyin Jos ne ya shiga wurin. Shin in ci gaba da gasawa ne, ko akwai abin da ya kamata in yi?”

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne.

In na fahimce ka da kyau, ka faɗi a kan tafin hannu, hoton farko bai nuna komai ba, mai ɗori ya yi nasa, kumburi ya tafi, amma zafi ya tare a wuri ɗaya, wato gindin babban yatsa, kuma yana tashi ne in ka matse abu ko ka ɗora nauyinka a kan hannun. Kana son ka san ko haƙuri da ruwan zafi za su wadatar. Ba za su wadatar ba. Ka dakatar da gashin, ka ajiye almakashin, ka je wurin likitan ƙashi cikin makon nan a sake maka hoto. Ban taɓa hannunka ba, ban kuma ga hoton da aka ɗauka ba, don haka ba zan yanke maka hukunci daga nan ba. Sai dai duk likitan ƙashin da ya karanta saƙonka, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne karayar wani ɗan ƙashi da ake kira sikafoid. A wurinmu, duk wanda ya zo da labari irin naka muna ɗaukarsa mai karaya ne har sai an tabbatar babu ita.

Me ya sa wannan ƙashin ne ake zargi

Daga wuyan hannu zuwa kan yatsu akwai ƙasusuwa 27: guda 14 a yatsu, 5 a tafin hannu, sai ƙanana 8 da suke jere layi biyu a wuyan hannu, hurhuɗu. Waɗannan takwas ɗin suna zaune ne a kan dogayen ƙasusuwa biyu da suka taso daga gwiwar hannu, radiyos a gefen babban yatsa, alna a gefen ƙaramin yatsa. Sikafoid yana gefen babban yatsa, tsawonsa kamar santimita 3, kuma shi ne ya ratsa layuka biyun ya haɗa su. Saboda haka in mutum ya faɗi ya tokare ƙasa da tafin hannu, hannun ya lanƙwashe baya, nauyin jikinsa a kan wannan ɗan ƙashin yake sauka.

Faɗuwa iri ɗaya ce, amma inda take karya mutum ya danganta da shekarunsa. Dattijuwar da ƙashinta ya yi rauni, radiyos ne yake karyewa. Yaro ma radiyos ne, ko dai ya lotsa ko ya tsage a wurin da yake girma. Amma saurayi irinka mai ƙarfin ƙashi, radiyos yakan jure, sai ƙarfin faɗuwar ya wuce ya sami sikafoid. Cikin ƙasusuwa takwas ɗin nan shi ya fi kowanne karyewa, kuma waɗanda na fi gani da shi 'yan ƙwallo ne, da waɗanda suka faɗo daga babur, da leburorin gini.

Kana iya gwada abu biyu da kanka. Ka miƙe babban yatsanka ka buɗe shi gefe, za ka ga ɗan rami ya fito a gindinsa tsakanin jijiyoyi biyu, ta gefen wuyan hannu. Ka danna cikin ramin, sannan ka danna na hannun hagu ka kwatanta. Na biyu, ka kama babban yatsan ka tura shi ciki a tsaye, wajen wuyan hannu. In duka biyun sun tayar maka da zafin da ka sani, zargin ya ƙara ƙarfi. In ba su tayar ba, wannan bai wanke ka ba, domin bayan mako biyar alamomin sukan yi sanyi alhali karayar tana nan.

Yadda hoto yake wanke mai karaya

Mutanenmu sun ɗauka cewa in hoto ya ce babu, to babu. A yawancin ƙasusuwa haka ne. A sikafoid ba haka ba ne. Ƙashin a karkace yake zaune, wasu ƙasusuwan sun kare shi ta gaba da baya, kuma tsagewar da ba ta goce ba siririya ce ƙwarai, a ranar farko ko ta biyu na'urar eksire tana iya wuce ta ba ta gani ba. Ga shi kuma hoton wuyan hannu da aka saba ɗauka fuska biyu ne kawai, ta gaba da ta gefe, alhali wannan ƙashin yana bukatar fuska huɗu, har da wadda ake karkata hannun wajen ƙaramin yatsa don ƙashin ya miƙe a gan shi sosai.

Bayan kwana 10 zuwa 14, jiki yakan cinye ɓurɓushin da ke bakin karayar, layin ya ƙara faɗi, sai ya fito a hoto. Wannan ne ya sa ƙa'idar da muke bi ita ce: wanda ya faɗi a kan tafin hannu kuma ramin nan yana masa zafi, ko da hotonsa ya fito tas, a ɗaure hannun da simintin asibiti, wanda mutane suke kira POP, ko abin tallafi, a ce ya dawo bayan mako biyu a sake ɗauka. Wanda yake da hali kuma yana son amsa nan take, na'urar hoto ta MRI, mai ganin cikin ƙashi da nama, tana nuna karayar tun a kwanakin farko. A labarinka, wannan dawowar ce ta faɗi. Ba lallai ba ne a ce wanda ya karanta hoton ya yi kuskure a abin da idonsa ya gani. Abin da aka bari shi ne ba a ɗaure hannun ba, ba a kuma ce ka komo ba.

To me zai hana a bar shi ya warke da kansa, tunda ba ya hana ka barci? A nan ne wannan ƙashin ya sha bamban da sauran. Kusan duk jikinsa a lulluɓe yake da guringuntsi, kuma jijiyar jini ba ta shiga ta guringuntsi. Jinin da yake ciyar da shi yana shiga ne ta gefen da ke kusa da yatsu, sannan ya bi ta cikin ƙashin ya komo baya zuwa ƙarshen da ke jingine da radiyos. Ka ɗauka unguwa ce mai bututun ruwa guda ɗaya da ya shigo ta bakin layi: in bututun ya fashe a tsakiya, gidajen farko suna da ruwa, na ƙarshen layi kuwa famfonsu ya ƙafe. In karayar ta raba ƙashin a tsakiya, wanda a nan aka fi samunta, ɓangaren da ke baya jininsa ya ragu. In kuwa a can ƙarshe ta faru, ɗan guntun yana iya rasa jini gaba ɗaya ya mutu. Ƙashi ba ya haɗewa sai da jini da kuma zama wuri ɗaya, kuma kowane motsi na almakashi yana girgiza bakin karayar.

Abin da ya fi ba ni takaici a wannan ciwon shi ne ba ya da hayaniya. Zafin yakan lafa bayan wata biyu ko uku, mutum ya koma sana'arsa yana ganin ya warke. Ƙashin kuwa bai haɗe ba, guntaye biyu suna ta gogar juna suna cin guringuntsin gaɓar a hankali. Na sha karɓar magidanta, kafintoci da makanikai da direbobi, da suka zo da wuyan hannu a sandare yana ciwo, ba ya iya murɗa sifana ko riƙe guduma. Sai hoto ya nuna tsohuwar karaya da amosanin gaɓa ya riga ya biyo bayanta. In ka tambaye shi ko ya taɓa faɗuwa, sai ya yi shiru ya tuna wani targaɗe da ya yi tun yana saurayi. A wannan matakin ba a maganar mayar da hannun yadda yake, sai dai a cire wasu ƙasusuwan ko a manne gaɓar don a kashe zafin, motsin kuma ya ragu har abada.

Abin da za a iya yi a mako na biyar

Ba ka makara ba, amma ka shiga lokacin da kowane mako yana da tsada. An san cewa jinkirin da ya haura mako huɗu kafin a ɗaure wannan karayar yana ƙara yiwuwar ta ƙi haɗewa. Likita zai sake hoto ta fuska huɗu, kuma a mako na biyar in karaya ce, galibi za ta fito. In ta fito, zai so ya san abu biyu: a wane ɓangare take, kuma guntayen sun matsa daga juna ko suna nan daram. Hoton CT, wanda yake nuna ƙashi yanki-yanki, shi ne ya fi amsa wannan, domin matsawar da ta wuce milimita ɗaya ma tana canza shawara.

In a tsakiya take kuma ba ta matsa ba, ana iya gwada siminti daga ƙasan gwiwar hannu zuwa tafin hannu. Wanda aka ɗaure tun farko yakan yi mako 6 zuwa 12, kuma kusan tara cikin goma suna haɗewa. Wanda ya zo a makare irinka ya sa a ransa zai iya kai wata uku ko fiye. In ta matsa, ko a can ƙarshen da jini ba ya isa take, tiyata ce: a sa wani ɗan sukuru marar kai wanda yake nutsewa gaba ɗaya cikin ƙashin ya matse guntayen biyu. Ba a jin sa daga waje, kuma galibi ba a cire shi. In kuwa bakin karayar ya riga ya cinye ya bar gurbi, sai an ɗebo ɗan ƙashi daga ƙugu ko daga radiyos an cike wurin kafin a sa sukurun.

In ka tambayi ra'ayina, ga mai sana'ar hannu da ya riga ya yi asarar mako biyar, ba na gaggawar kore tiyata don tsoron ƙarfe. Wata uku a siminti ba tare da tabbacin haɗewa ba, ga tela, asara ce babba, kuma in bai haɗe ba tiyatar dai za a koma. Amma kuɗi ma magana ce, kuma tiyata ba ta da tabbas ɗari bisa ɗari. Akwai ƙashin da ake sa wa sukuru ya ƙi haɗewa. Wannan shawara ce da za ku yanke kai da likitan da ya ga hotonka. Ka tambaye shi kai tsaye nawa kowace hanya za ta ci, kuma yaushe za ka iya komawa kan keken ɗinki.

Yana yiwuwa kuma a duba a ga sikafoid lafiya lau. To sai a nemi wasu abubuwa uku. Akwai igiyar da ta ɗaure sikafoid da maƙwabcinsa lunet. In ta tsinke, ƙasusuwan biyu sukan buɗe, kuma ana ganin haka in an ɗauki hoto mutum ya dunƙule hannu. Wannan shi ne targaɗen da ba a raina shi, domin ƙarshensa ɗaya da na karayar da aka bari. Akwai tsagewar bakin radiyos ko ta gindin ƙashin babban yatsa, wadda ta shiga cikin gaɓa. Sai kumburin kuben jijiyoyin da suke ɗaga babban yatsa, wanda masu yawan riƙe almakashi da mata masu jego sukan yi. Na ƙarshen nan ya dace da sana'arka, sai dai shi a hankali yake farawa, ba daga faɗuwa rana ɗaya ba.

Maganar mai ɗori da gocewa

Ba na cikin masu zagin masu ɗori. Sana'a ce ta gado, suna kusa da mutane, suna karɓar abin da ya samu, kuma akwai karayar da ido da hannu suke ganewa. Karayar bakin radiyos da ta fi kowace yawa a wuyan hannu, wani likitan tiyata a Dublin mai suna Abraham Colles ya bayyana ta dalla-dalla a 1814, shekara 81 kafin Röntgen ya gano hasken eksire a Jamus a 1895. Da ido da yatsu ya gane ta, kamar yadda gwanin ɗori yake ganewa. Kawu ma da ya kai ka, neman sauƙi ya yi maka. Amma sikafoid ba ya cikin abin da yatsa yake lalubowa. Na'ura ma tana kuskure shi, balle hannu. Kuma abu biyun da ake yi a wurin ɗori, ja da murza, su ne daidai abin da yake iya matsar da karayar da take zaune lafiya. Kwana goma a kara kuwa ba su kai ko rabin abin da ƙashin yake bukata ba.

Game da cewa gocewa ce, ina da shakka. Gocewar wuyan hannu ta gaskiya ba ƙaramin abu ba ce. Sai an sami ƙarfi mai yawa, kamar faɗowa daga saman gini ko haɗarin babur, sannan lunet yake fita daga mazauninsa ko sauran ƙasusuwan su zame su bar shi. Hannun yakan kumbura suntum, yatsu su ƙi miƙewa, kuma sau da yawa ƙashin da ya fita yana danne babbar jijiyar da take ratsa tsakiyar wuyan hannu, sai babban yatsa da manuni da na tsakiya su sage. Wannan aikin gaggawa ne: a sa mutum barci a mayar da ƙashin, sannan galibi a yi tiyata a ɗinke igiyoyin da suka tsinke. Ba ciwon da mutum zai yi ya tashi washegari ya buɗe shago ba ne. Gocewar da aka fi gani ta yatsa ce, a gaɓar tsakiya, kamar in ƙwallo ta bugi kan yatsan gola. Ita kam ana mayar da ita cikin sauƙi, amma ko an mayar a fili, a je a yi hoto, domin sau da yawa ɗan guntun ƙashi yakan ɓalle tare da ita. Kuma ba a barin yatsa a ɗaure fiye da mako uku, in ba haka ba ya sandare. Akan haɗa shi da maƙwabcinsa da filasta a fara motsa shi da wuri.

Inda nake ɗaga murya a kan ɗori shi ne matsewa. Hannun da ya karye yana ci gaba da kumbura kwana biyu zuwa uku. In aka zagaye shi da kara aka tamke da igiya, kumburin ba shi da inda zai bi, sai ya toshe jinin da yake shiga tsoka. Cikin awa shida zuwa takwas tsoka ta fara mutuwa. Wanda ya tsira da hannun yakan ƙare da yatsu a ƙanƙance ba sa buɗewa, abin da wani likitan Jamus, Volkmann, ya bayyana tun 1881 kuma ya danganta shi da ɗauri mai tsanani. Wanda bai tsira ba, hannun ya ruɓe. Mutane suna gudun asibiti wai kada a yanke musu hannu, alhali akwai hannayen yaran da muka yanke ba don karayar ba, sai don ɗaurin. Alamar farko ita ce zafin da ya fi ƙarfin magani, yana ƙaruwa maimakon raguwa, musamman in aka miƙe yatsun. Sai sagewa, sai yatsu su yi sanyi ko su canza launi, sai ƙuraje masu ruwa. Duk wanda ya ga wannan ya kwance ɗaurin nan take ya nufi asibiti ko da tsakar dare ne, kada a ce masa ƙashi ne yake kamawa. Kuma simintin asibiti ma yana iya yin wannan ɓarnar in ya matse, shi ya sa a kwanakin farko muke sa rabi kawai ko mu tsaga shi. Kai dai ka yi sa'a ka wuce wannan.

Sanyin Jos kuwa, gaskiya ne masu tsohon rauni sukan ce ya fi damunsu a Disamba da Janairu in hunturu ya kankama, kuma ba na musa musu. Amma sanyi ba ya shiga ƙashi ya zauna a wuri ɗaya da za ka iya nunawa da kan yatsa. Gashi da man zafi suna sa ka ji daɗi na ɗan lokaci, shi ke nan iyakar aikinsu.

Ga sauran masu karatu

Tunda ba kai kaɗai za ka karanta amsar nan ba, bari in taɓo wasu a gurguje. Iyayenmu mata da suka daina al'ada, in sun zame a banɗaki ko a tsakar gida lokacin damina, radiyos ne yake karyewa, hannun ya lanƙwashe a gani da ido. Akan gyara shi a sa siminti kamar mako shida, amma dole a sake hoto a mako na farko da na biyu, domin yakan zame a cikin simintin in kumburi ya sauka, kuma bayan mako uku ya riga ya fara kamawa a karkace. Sannan karayar da ta zo daga 'yar faɗuwa a tsaye alama ce cewa ƙashin Hajiya ya yi rauni. A yi wa likita maganar, kafin ta ƙugu ta biyo baya.

Yara ƙashinsu yana saurin haɗewa, wanda ya lotsa kawai mako uku a abin tallafi ya ishe shi. Abin tsoro a wurinsu shi ne wurin da ƙashin yake girma, daf da gaɓa. Yawan ja da murzawa yana iya lalata shi, hannun ya tashi a karkace bayan shekaru.

Sai samarin da suka naushi bango ko mutum, ƙashin tafin hannu na gindin ƙaramin yatsa ya karye. Yawanci yana warkewa ba tiyata, in dai yatsan bai murɗe ba. A dunƙule hannu a gani, in wani yatsa ya hau kan ɗan'uwansa sai an gyara. Amma in akwai ɗan rauni a kan gaɓar da haƙorin mutum ya yi, komai ƙanƙantarsa, a faɗa wa likita gaskiya. Ƙwayoyin cutar baki suna shiga cikin gaɓa su lalata ta cikin kwanaki kaɗan, kuma irin wannan raunin wankewa ake yi a ba da magani, ba a ɗinke shi. Samari sukan ce ƙarfe ne ya yanke su don kunya, sai a ɗinke, sai hannu ya kumbura da mugunya.

Duk wanda ya ji ciwo a hannu, abin da za a fara yi shi ne a cire zobe da agogo da awarwaro kafin kumburi ya taso. A tallafe hannun da kwali ko ɗan katako a naɗe shi sako-sako, a ɗaga shi sama da ƙirji, a ɗora ƙanƙara a cikin tsumma, ba ruwan zafi ba. In fata ta fashe, ko ƙashi ya leƙo, a rufe da tsumma mai tsabta, kada a zuba komai, kada a mayar da ƙashin ciki, a tafi asibiti don wanki da maganin kashe ƙwayoyin cuta da allurar tetanus.

In aka sa maka siminti

Kada ya jiƙe. In za ka yi wanka ka sa shi a leda ka ɗaga hannun. Batun alwala kuwa, malamai sun yi bayanin shafa a kan ɗauri, ka tambayi limaminku. In yana maka ƙaiƙayi kada ka zura tsinke ko allurar saƙa, domin ƙurjin da ke ƙarƙashin siminti ba a ganinsa sai ya yi wari. Yatsun da aka bari a waje ka riƙa buɗe su kana dunƙulewa sau da yawa a yini, haka gwiwar hannu da kafaɗa, don kada a warkar da ƙashi ɗaya a sandarar da gaɓoɓi biyar. In kana shan sigari ko shisha ka bari, domin taba tana rage jinin da yake isa ƙashi, kuma a sikafoid, inda jinin dama kaɗan ne, tana cikin manyan dalilan ƙin haɗewa. Don zafi farasitamol ya isa. Ka guji haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda a kemis, da yawan shan maganin ciwon nan daikilofenak, saboda ciki da ƙoda.

Kada kuma ka cire simintin don zafi ya tafi. Rashin zafi ba shi ne haɗewa ba, hoto ne zai faɗa, wani lokaci ma sai CT. Bayan an cire za ka ga hannun ya rame ya yi tauri, wannan ba abin tsoro ba ne, a nan ne aikin masu gashin ƙashi na asibiti yake farawa, kuma ƙarfin riƙo yakan ɗauki watanni kafin ya dawo.

A nan Jos kana iya samun likitocin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, ko na Jankwano. In aikin ya zama mai sarƙaƙiya ana iya tura ka Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Kafin ranar ganin likita, ka sayi abin tallafin wuyan hannu mai riƙe babban yatsa, irin wanda ake sayarwa a shagunan kayan asibiti, ka sa shi dare da rana. Yanka da guga ka bar wa yaran shago, kai ka tsaya a awo da lura da aiki, kuma in za ka tashi daga sujada ka dafa da hagu. Ka tafi da hoton farko a kwatanta shi da sabon, ka faɗi ranar da ka faɗi daidai, kuma kada ka ɓoye cewa an ja hannun an ɗaure shi da kara, domin likitan yana bukatar sanin haka kafin ya zaɓa maka tsakanin siminti da tiyata.